Takarda Mai Datti

Zuwa ga Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya kamar yadda muke nan. Innarka lafiya, sai gwiwar nan tata da ka sani. Matarka ta samu ƙarfi, har ta fara fitowa tsakar gida. Ni kuwa kunne ne ya ƙi, shi ya sa na ce a daina miƙo min waya. Ranar da matarka ta haihu ka yi ta magana, ni kuwa ji nake kamar ana jan zarto a gidan maƙwabta. Shekarun da na yi a gaban injin yankan katako ne suka biyo ni. Gara in rubuta. Ai ba don ado na zauna a ajin yamma da furfurata ba, ina koyon baƙi tare da masu gadi da 'yan dako.

Auta, Allah Ya ba ka 'ya, ni kuma Ya ba ni aikin yi. Hoton waya bai nuna maka ita ba. Goshinka ne sak, hancin kuwa na uwarta ne, Allah Ya rufa mata asiri bai ba ta namu ba. Idan ta kama yatsana, riƙon filaya take yi masa. Na sa mata Manaja, don tun da ta iso babu mai ci ko barci a gidan nan sai da izininta. Innarka ta ce tsufa ya fara taɓa min kai. Na ce mata ai kan ya daɗe da taɓuwa, tun ranar da na je neman aurenta.

Na fito da kayan aikin da na rantse na ajiye, na haɗa wa Manaja ɗan gado. Kowace kusurwa sai da na goge ta, na shafa a kumatuna ban ji kaifi ba, sannan na bari aka kwantar da ita.

To yaushe za ka zo? Na gaya wa mutanen layinmu ɗana yana gyaran jirgin sama, shi ya sa bai iso ba. Sai matarka ta ce, "Baba, ba gyara yake ba, takardu yake ajiyewa." Ka yi min bayani, wace irin takarda ce take hana uba ganin 'yarsa?

Dogo direba zai kawo maka wannan, tunda motarsu tana sauke kaya kusa da ku. Ka ba shi amsa.

Mahaifinka.

*

Baba,

Wa alaikumus salam. Na samu wasiƙarka, na ji daɗi ƙwarai. A gaishe da Inna, a yi mata sannu da ƙafa. Ni lafiya lau, sai gajiya. Ka yi haƙuri da na buga wannan a kwamfuta, hannuna ya gaji da biro.

Gaskiyar matata ce. Ban taɓa ɗora sifana a jikin jirgi ba. Ɗakin da nake aiki ko taga ba shi da ita. Kantoci ne har rufi, cike da kwalaye, ga sanyin na'ura mai shiga ƙashi. Ta bango nake jin makanikai suna buge-buge a rumfar jirage.

Duk abin da aka yi wa jirgi, ko noti ɗaya aka ɗaure, sai an rubuta a katin aiki: me aka cire, me aka sa, wa ya yi, wa ya duba. Ko lokacin tashin makanike ya yi bai gama ba, ba ya kwana a kan aikin. Zai rubuta inda ya tsaya, ya sa hannu, na bayansa ya ɗora daga nan. Katunan nan duka teburina suke ƙarewa. Ni nake shigar da su kwamfuta, in bi awannin da kowane ƙarfe ya yi a sama, in gaya musu lokacin da ya kamata a sauke shi. Jirgin da takardunsa ba su cika ba, ko sabo ne fil, ba ya tashi.

Ga abin da ya riƙe ni. Ɗaya daga jiragenmu na haya ne, wa'adinsa ya cika, masu shi za su karɓi abinsu. Sun turo wakiliya, wata mata mai tabarau wadda ban taɓa ganin ta yi hamma ba. Kwali kwali take bi, shafi shafi. Yanzu ta tsaya a kan ƙafar jirgin ta hagu. An canza wani ƙarfe a cikinta shekarun baya, tun kafin a ɗauke ni aiki. A kwamfuta bayanin yana nan tsaf. Na buga mata shi fari tas, ta turo min abina. Ta ce wannan kowa zai iya bugawa. Ita ainihin katin take so, wanda makanike ya riƙe da hannunsa mai baƙin mai ya sa hannu a kai. A wurinmu takarda mai datti muke ce masa, kuma ita kaɗai ake yarda da ita, don ita ce shaidar mutum ya tsaya a wurin ya taɓa abin da hannunsa.

Katin nake nema. Idan bai fito ba, sai an kwance ƙafar an sake aikin, jirgi ya yi ta zama a ƙasa, kuma ni za a kalla. Babu wanda ya san kantocin nan kamar ni, shi ya sa ban nemi hutu ba. Idan ya fito, abin da ya rage kaɗan ne, sai ku gan ni.

A shafa min kan Manaja.

Ɗanka,
Auta.

*

Zuwa ga Auta,

Assalamu alaikum. Muna nan lafiya, gwiwar Innarka ta yi sauƙi, ko kuma murna ce ta sa ta manta da ita.

Na karanta wasiƙarka a tsakar gida da ƙarfi, har maƙwabciya ta leƙo ta katanga. Da na zo inda ka ce sai mu gan ka, Innarka ta ce in maimaita, na maimaita. Na juya na ce wa matarka, "'Yata, mijinki yana hanya." Washegari ta je aka yi mata kitso, ta wanke labulen ɗakinku. Ni kuma na shafa wa ƙofar fenti, aka yi ta yi min faɗa wai warin zai dami yarinya. Yarinya ba ta ce komai ba.

Maganar takarda mai datti ta ba ni dariya har da tari. Mu malaminmu na ajin yamma hana mu ya yi. Ya ce wasiƙa fuskar mai ita ce, ba a aika ta da tabo. Duk wadda ka gani daga gare ni, sai na fara rubuta ta a wata takarda, in soke, in gyara, sannan in wanke hannu in kwafa ta a mai tsabta. Ashe a wurinku da tuni matar nan mai tabarau ta kore ni.

Amma na fahimci aikinka yanzu. Na gaya wa mutanen layi cewa jirgi ba ya tashi sai da takardar ɗana. Mai wankin bakin titi ya ce to ka rubuto masa ɗaya ko kekensa zai tashi.

Manaja ta yi min murmushi. Innarka ta ce iska ce a cikinta, ni na san abin da na gani. Ta san muryata. Idan na yi gyaran murya a soro, sai ta juyo da kai. Wuyanta ya fara tsayawa, cinyoyi sun yi ninki. Ka hanzarta, don yaran yanzu ba sa jira.

Af, na kusa mantawa. Mai kantin maganin da matarka ta yi wa aiki a garinsu kafin aurenku ya aiko, wai gurbinta yana nan idan tana so. Na yi dariya na ce ina ita ina kanti, ga Manaja a hannu ga miji na tafe. Ita ba ta yi dariya ba, amma gajiyar shayarwa ce.

Ka gaya mana ranar, in je tasha.

Mahaifinka.

*

Baba,

Ina gaisuwa, ina gaida Inna da kowa. Wasiƙarka ta daɗe a hanya. Dogo ya ce motarsu ta lalace, ta yi makonni a gareji, takardar tana cikin aljihun ƙofa. Sai yau ta iso hannuna, duk ta yi laushi.

Baba, ban ce ina hanya ba. Cewa na yi idan katin ya fito. Bai fito ba.

An ce tsofaffin takardun shekarar suna cikin wata kwantena a bayan rumfa. Can nake wuni yanzu. Ciki zafi kamar tanda, waje ƙarar injin. Ruwa ya taɓa shiga, wasu kwalayen sun manne, sai na sa wuƙa nake raba shafukan a hankali. Na samu katin canjin tayoyi, na samu na kujerun fasinja, har katin gyaran famfon banɗaki na samu. Wanda nake nema ne kawai babu. Makaniken da ya yi aikin ya daɗe da barin kamfanin, wanda ya duba masa aikin kuma ya rasu. Kullum da safe matar nan za ta ɗago tabarau ta kalle ni. Shugaban sashenmu kuwa har ya daina amsa gaisuwata, sai dai ya ce, "Ya fito?"

Idan na koma ɗaki, takardu nake gani ko na rufe ido. Jiya na tsinci kaina ina neman sa hannu a ledar burodi.

Kuma an gaya mana da zarar wannan jirgin ya tafi, akwai wani a bayansa da wa'adinsa ya kusa. Ban san yadda zan yi ba, amma za a san abin yi.

Abin da yake kwantar min da hankali shi ne wasiƙunka. Duk lokacin da na karanta sai in ga gida lafiya lau, kowa yana dariya, yarinya tana hannu nagari. Hotunanta kuma suna zuwa min a waya, ina kallonsu lokacin cin abinci, ba abin da ya wuce ni. Uwarta ta rage magana idan na kira, daga "lafiya lau" sai "to", amma na san rashin barci ne. Maganar kanti kuwa, na san ba za ta ɗauke ta da gaske ba.

Ku ƙara haƙuri kaɗan.

Auta.

*

Auta,

Assalamu alaikum. Lafiyar jiki muna da ita. Sauran kuma ka karanta a hankali, kada ka yi irin karatuna.

Na je tasha. Ba sau ɗaya ba. Na zauna a bencin mai shayi ina duba duk wanda ya sauko daga mota, har yaran mota suka fara ce min Baba mai jiran jirgi. Kitson matarka ya tsufa, ta tsefe, ba ta sake wani ba. Ni na ja mata wannan da bakina, na ga abin da nake so a takardarka na yi shela. Na ba ta haƙuri, ta ce, "Baba, kai me ka yi?"

Ka ce wasiƙuna suna nuna maka gida lafiya lau. Ni murnar jika ce ta cika min ciki, sai hannuna ya riƙa rubuta ita kaɗai. To ga sauran. Matarka ba rashin barci ne ya rage mata magana ba. Ta amsa wa mai kantin magani. Ƙarshen watan nan za ta koma garinsu, ita da yarinyar. Ba ta yi faɗa da kowa ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta durƙusa a gabana da Innarka ta ce, "Ba ku rage ni da komai ba. Amma ni ba ku na aura ba. Na haihu ban gan shi ba, na warke ban gan shi ba, yanzu kuma ya ce akwai wani jirgin a baya. Bayan wannan ma akwai wani, Baba, jirgi ba ya ƙarewa." Akwatinta yana kan gado a buɗe, kullum ana ƙara wani abu a ciki. Idan ta fita daga gidan nan a haka, ban ga abin da zai dawo da ita ba.

Ka ce ba abin da ya wuce ka. Hoton ya gaya maka nauyinta? Ya gaya maka yadda take yin shiru idan an ɗora ta a kafaɗar hagu, ta ƙi ta dama? Ta fara juyawa da kanta. Mai wanki ya gani, kai ba ka gani ba.

Za ka ga tabo a ƙasan takardar nan. Ina kwafa ne da Manaja a cinyata, an gama yi mata wanka an shafe ta da mai. Ta kai hannu ta dafa takardar, yatsu biyar suka fito. Kafin in janye, ta ƙara da tumbuɗi a gefe. Na miƙa hannu zan ɗauki sabuwar takarda in sake, sai uwarta, wadda na zata ba ta kallonmu, ta ce daga bakin ƙofa, "Baba, bar ta haka. Ba shi ya ce mai datti suke yarda da ita ba?"

Shi ne na bar ta. Malaminmu ya yafe min.

Mahaifinka.

*

Baba,

Da biro nake rubuta wannan, ka yi haƙuri da rubutun.

Na karanta a hankali kamar yadda ka ce. Na ɗora babban yatsana a kan tabon, ya rufe tafin hannun gaba ɗaya. Ban san haka take ƙanƙanuwa ba. Na kai takardar hanci. Na daɗe a zaune a bakin kwantena ban buɗe kwali ko ɗaya ba.

Shekara da shekaru ina karɓar katin makanikai, kowa ya rubuta inda ya tsaya ya tafi gidansa. Ni ban taɓa rubuta nawa ba. Yau na rubuta: kwalayen da na duba, waɗanda suka rage, waɗanda ruwa ya ci. Na sa hannu, na miƙa wa abokin aikina na teburin gefe, wanda kullum nake cewa zai hargitsa min kantoci. Shugaba ya ce, "Yanzu? Da jirgi a ƙasa?" Na ce yanzu. Ya yi ta faɗa, ban san abin da zan tarar idan na dawo ba, amma ya sa hannu a takardar hutun.

Dogo ya ce akwai wuri a gaban mota. Idan kana karanta wannan, to ina tsaye a ƙofar gida ina neman ta inda zan fara. Don Allah ka shiga ka gaya mata kafin in yi sallama. Wannan karon ka yi shelar.

Auta.

*

Zuwa ga Auta, da 'yata, da Manaja,

Assalamu alaikum. Dogo ya tabbatar min kun sauka lafiya, kuma ɗan gadon bai karye a hanya ba. Na gaya masa tun farko ba zai karye ba, ni na haɗa shi. Mu ma lafiya. Gwiwar Innarka ta dawo da ciwonta, tunda babu abin da zai ɗauke mata hankali.

Har yanzu mutanen layi suna ba da labarin yadda Manaja ta karɓe ka. Ta kalle ka, ta kalle ni, ta fashe da kuka kamar ta ga ɗan sanda. Sai da uwarta ta ce, "Kafaɗar hagu," ba tare da ta dube ka ba. Ka juya ta, ta yi shiru, ta wanke maka riga da tumbuɗi. Innarka ta ce to an sa hannu.

Abin da kuka tattauna a ɗaki da ƙofa a rufe ban ji ba, kunnen nan ya yi min rana. Na dai ga akwatin ya fito, kuma motar Dogo aka sa shi, ba motar garinsu ba. 'Yata, Allah Ya yi miki albarka. Ki nemi aikin kantin magani a can kamar yadda kika ce, kada ki bari ya ce sai jirgi ya tashi. Idan ya fara kwana a cikin kwalaye, ki rubuto min, na san hanyar tasha.

Innarka ta ce ka gaya mata a waya katin bai fito ba har yau, an kwance ƙafar an sake aikin, shugaba yana ta cika yana batsewa, amma teburinka yana nan. Ashe jirgi ya iya jira.

Gidan ya yi shiru. Muna cin abinci a kan lokaci yanzu, muna barci har gari ya waye, babu daɗi ko kaɗan. Jiya na yi gyaran murya a soro, na tsaya ina jira. Innarka ta ce, "Kai ka rubuta wasiƙar da ta ɗauke ta, sai ka zauna." Na ce ni na rubuta, kuma da za a sake sai in sake rubutawa. Ta ce ta sani, ta miƙo min shayi. Inda gadon yake a da, ƙafafunsa huɗu sun bar alama a siminti. Na hana a goge.

Na gaji, idona ma ya fara yaji, nan zan tsaya. Wannan ban kwafa ta ba, ga soke-soken nan kuna gani.

Abu ɗaya nake roƙo. Idan za ka amsa, kada ka buga a kwamfuta. Ka rubuta da hannu, ka jira a gama yi mata wanka a shafa mata mai, sannan ka ɗora ta a cinyarka ka matso da takardar kusa. Sauran ta san aikinta.

Mahaifinku.